WASIƘAR AKAWU: Manyan A-Kori-Kura na Amurka, Wace Ce Ta Fi Amana?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni filin nan da ka saba ba ni, ko da yake yau zan ɗan ƙetare iyakata, zama maganar da na zo da ita tana da nauyi a gare ni. A makon jiya na yi alkawari zan ƙarasa zancen adashi da amfaninsa, amma wata takarda ta iske ni daga ƙetaren teku, ita ta sa na juya akala. Masu jiran zancen adashi su gafarce ni sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Takardar daga ƙanena ta fito, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Yau shekararsa bakwai a birnin Hustan, cikin jihar Teksas ta ƙasar Amurka, sana'arsa gyaran gidaje. Kullum yana ɗawainiya da katako da siminti da tsani da akwatunan kayan aiki, kullum kuwa motar wani yake haya. Ga abin da ya ce: "Yaya, na tara dala 20,000. Ina so in sayi babbar a-kori-kura ta kaina in huta da haya. Wani dillali ya nuna mini sabuwa ta dala 70,000, kujerunta na fata, ya ce in ba da abin da ke hannuna, sauran 50,000 in riƙa biya kaɗan kaɗan har wata 84. Abokaina kuwa sun rabu, wannan ya ce Ford, wancan ya ce Toyota, wani ya ce Ram. Kai ne mai lissafin gidanmu, ka zaɓa mini."

Da na karanta sai barci ya ƙaurace mini daren nan. Dalili kuwa shi ne, daga cikin abin da yaron nan ke aikowa kowane wata ake cefanen tsohuwarmu, daga ciki ake biyan kuɗin makarantar ƙannenmu mata biyu. In ya yi kuskure a cinikin nan, tukunyar gidanmu ce za ta fara sani. Ni kuwa aikina a ofis shi ne riƙe littafin motoci, watau rubuta abin da kowace mota ta sha na mai da abin da ta ci na gyara. Littafin nan ya koya mini abu guda, cewa kuɗin da aka rubuta a goshin mota ran saye shi ne ƙaramin abin da ya kamata mai saye ya duba. Kowa ya taɓa ɗaure doki ya sani, ba ranar ciniki ake gane tsadarsa ba, sai an shiga sayen harawa da dawa da kanwa. Na amsa masa, na kuma ga ya kyautu in sa amsar a jarida, domin ba shi kaɗai ne ɗan ƙasarmu da ke can ba, a gida ma akwai masu sayo irin motocin nan ta Kwatano da Ikko.

Da farko bari in bayyana irin motar da ake magana. Mu nan in an ce a-kori-kura, abin da ke faɗo mana a rai shi ne Peugeot 404 da 504 na da, ko Hilux ta yanzu. To, ta Amurka ta girme su nesa ba kusa ba. Tsawonta yakan kai kamar mita shida, nauyinta ba kaya yakan haura tan biyu, akwai kuma waɗanda aka yarda su ja tirela mai nauyin laba 12,000 ko 13,000. Can suna kiranta mai rabin tan, amma sunan na da ne, yanzu da yawa suna ɗaukar abin da ya kusa tan guda. Biyar ne ke gaba a kasuwa: F-150 ta Ford, da Silverado ta Chevrolet, da tagwaiyarta Sierra ta GMC, su biyun duk na kamfanin General Motors ne, sai Ram 1500, sai Tundra ta Toyota. Da akwai ta shida, Titan ta Nissan, amma an daina ƙera ta a 2024.

Mai karatu zai ce, ina Hilux? Ba a sayar da ita can, sanadin kuwa abin dariya ne, domin kaji suka jawo. Bayan 1960 Faransa da Jamus ta Yamma suka ɗora haraji mai nauyi bisa kajin da ake kawo musu daga Amurka. Shugaba Lindon Jonson ya rama, ya sa harajin kashi 25 bisa ɗari a kan waɗansu kayan ƙetare, har da ƙananan motocin ɗaukar kaya, aka fara karɓa a 1964. Rigimar kaji ta daɗe da mutuwa, harajin motoci bai mutu ba. Yana cikin dalilan da suka sa Toyota ta gina masana'antarta can, tana ƙera Tundra a San Antoniyo cikin Teksas, ya kuma sa kamfanonin gida suka daɗe suna cin kasuwar nan ba mai matsa musu, suna sa kuɗi yadda suka ga dama.

To, sai mu ɗauke su ɗaya ɗaya, mu faɗi kyaun kowace da aibinta, zama ba wadda ba ta da tabo.

Ford ta fara jerin motocinta masu harafin F a 1948, F-150 kuwa ta fito a 1975. Tun 1977 ba a-kori-kurar da ta fi jerin nan ciniki a Amurka. Amfanin wannan ga talaka babba ne: kowane ƙauye akwai makanikin da ya san ta, kayan gyaranta sabo da na hannu suna ko'ina. A 2011 suka sa mata inji mai silinda shida da abin hura iska guda biyu, wanda makanikai ke kira turbo, suka sa masa suna EcoBoost. Amfanin turbo shi ne ya cusa iska mai yawa cikin ƙaramin inji har ya yi ƙarfin babba, aibinsa kuwa zafi da yawan sassa, kowane sashe da aka ƙara kuwa ƙarin abin lalacewa ne. Daga ƙirar 2015 suka mai da bodinta na alminiyam, nauyi ya ragu da abin da ya kai laba 700, bodin kuma ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma in ya lotse ba kowane mai gyaran bodi ke iya masa ba. Tabonta mafi girma a giya yake. A watan Fabrairu na 2019 kamfanin ya kira motoci kusan miliyan ɗaya da rabi, ƙirar 2011 zuwa 2013, domin giyar takan faɗa ta ɗaya farat ɗaya ana cikin gudu. A 2024 aka sake kiran fiye da 500,000 ƙirar 2014 bisa wannan ciwon.

Silverado da Sierra jiki ɗaya ne, riga ce ta bambanta. Injinsu mai silinda takwas na lita 5.3 tsohon soja ne, makanikai sun san shi ciki da bai. Amma tun wajen 2007 aka sa masa wata dabara ta rage shan mai, watau in mota ba ta ɗauke da nauyi sai waɗansu silindoji su huta, sauran su yi aiki. Dabarar ta dogara ga waɗansu 'yan ƙarafa masu ɗaga bawul, su kuwa sukan maƙale, in sun maƙale sai an buɗe kan inji, aikin kuwa ba na kuɗi kaɗan ba ne. Babban injin, mai lita 6.2, shi ne aka yi wa kiran gyara a watan Afrilu na 2025, motoci kusan 600,000 a Amurka, ƙirar 2021 zuwa 2024, saboda aibi a karanshaf da sandunan fistin wanda kan kashe inji ɗungum. Suna da wani injin dizal mai lita 3.0, Duramax, wanda ya fito a ƙirar 2020, shi kuwa ba ya shan mai. Hukumar da ke gwada shan mai ta ba shi har mil 33 a galan bisa babbar hanya.

Ram da can sunanta Dodge Ram, sai a 2009 aka raba ta ta tsaya da kanta, tun 2021 kuwa tana ƙarƙashin kamfanin Stellantis. Ita ce ta fi daɗin zama, domin tun ƙirar 2009 aka cire mata sifirin na falle-falle a baya aka sa mai naɗi, ba ta jijjiga mutum kamar sauran. Injinta Hemi mai lita 5.7 yana da ƙarfi da farin jini, amma an san shi da wani ƙas-ƙas da yakan fara in ya manyanta, wani lokaci kusoshin bututun hayaƙi ne suka karye, wani lokaci kuwa 'yan ƙarafan bawul ne suka ci, wannan shi ne mugun. Kamfanin ya cire Hemi a ƙirar 2025 ya sa sabon inji mai silinda shida da turbo biyu, masu saye suka yi ta gunaguni, ya mai da shi a ƙirar 2026. Injin dizal ɗinsu na da, EcoDiesel, shi ya jawo wa kamfanin biyan kusan dala miliyan 800 a 2019 bisa zargin ɓoye gaskiyar hayaƙin da yake fitarwa, an kuma daina sa shi bayan ƙirar 2023.

Sai Tundra, wadda labarinta ya fi koyar da hankali. Toyota ta fara ƙera ta a 1999. Zubi na biyu ya fito a 2007, aka yi ta ƙera shi har 2021 ba a sake masa wani babban abu ba, shekara goma sha biyar ke nan. Wannan zubin shi ya yi suna wajen amana. Wani direba a jihar Luwiziyana ya tuƙa tasa ƙirar 2007 har ta cika mil miliyan ɗaya a 2016 da injinta na asali, kamfanin ya karɓe ta ya ba shi sabuwa. A 2012 kuma wata Tundra ta ja kumbon Endeavour ta ƙetare gada da shi a Los Anjalis. Amma fa ita ma da nata. Injinta mai lita 5.7 mashayi ne, mil 15 yake yi a galan in an haɗa gari da daji. An kuma yi ƙarar kamfanin bisa tsatsar shasi, har a 2016 ya yarda da sulhu na kimanin dala biliyan 3.4, wanda ya haɗa da Tundra ƙirar 2007 da 2008. Sa'an nan a ƙirar 2022 aka jefar da tsohon injin nan mai silinda takwas, aka sa sabo mai shida da turbo biyu. A watan Mayu na 2024 sai ga kiran gyara na motoci kimanin 102,000, Tundra da 'yar'uwarta Lexus LX, ƙirar 2022 da 2023, domin an bar ɓurɓushin ƙarfe cikin inji tun daga masana'anta. Ƙarshenta kamfanin ya ce zai sake musu inji gaba ɗaya kyauta.

To jama'a, me muka gani a nan? Mun ga sunan kamfani ba shi ne amana ba. Abokan ƙanena masu gardamar Ford da Toyota suna yi ne kamar masu gardamar ƙwallo. Tambayar da ta kamata ita ce, wane inji ne, wace giya ce, ƙirar wace shekara ce? Tundra ta 2019 da ta 2022 suna ɗaya ne, hali ba ɗaya ba. Abu na biyu, inji yakan gyaru ne da tsufan zubinsa. Wanda ya sayi sabon zubi a shekararsa ta fari, shi ake gwaji a kansa, da kuɗinsa kuwa. Akwai wata ƙungiya can, Consumer Reports, wadda aka kafa a 1936, ba ta karɓar talla, da kuɗinta take sayen motocin da take gwadawa, kowace shekara kuma tana tambayar mutanenta abin da ya lalace musu. Ita ma ta daɗe tana yabon tsohuwar Tundra, da sabuwar ta fito kuwa ta rage mata daraja.

Yanzu sai mu buɗe littafin lissafi. Kuɗin riƙon mota gida biyar ne: faɗuwar daraja, da kuɗin ruwan bashi, da mai, da inshora tare da lasin da haraji, sa'an nan gyara da taya. Mutane sun fi jin tsoron na biyar, alhali kuwa ga mai sabuwar mota na farkon ne ya fi cin dukiya, don dai ba a ganinsa yana fita daga aljihu. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, takan buga lissafin nan kowace shekara bisa ƙa'idar mil 15,000 a shekara har shekara biyar. A lissafinta na 2023, sabuwar a-kori-kura mai rabin tan ita ce ta fi kowane irin mota tsadar riƙo, kowane mil ya haura dala ɗaya. Watau mai ita yana zubar da abin da ya fi dala 15,000 a shekara, ko ya sani ko bai sani ba.

Ga misali na faɗuwar daraja, lambobin nawa ne na ƙaddara domin a gane. A ce motoci biyu, kowace an saye ta dala 55,000. Bayan shekara biyar aka sayar da ta fari 33,000, ta biyu 38,500. Mai ta fari ya yi hasarar 22,000, mai ta biyu 16,500. Tsakaninsu dala 5,500, ba a taɓa ko kusa ɗaya ba. A nan ne suna ke da amfani, domin Tundra an san ta da riƙe daraja a kasuwar motocin hannu. Amma abin yana da fuska biyu: riba ce ga mai sayarwa, tsada ce ga mai sayen ta hannu. Kujerar fata da allon kallo da rufin gilashi kuwa su ne suka fi saurin zubar da kuɗinsu, ba su kuma ƙara wa mota ko buhun siminti ɗaya bisa abin da take ɗauka. Hasali ma rage mata suke yi, zama nauyinsu daga cikin kason kaya ake cire shi.

Sai bashin da dillali ya yi wa ƙanena tayi. Ban shiga maganar halal da haram ba, wannan ta malamai ce, ni lissafi kaɗai zan yi. A ce ruwan bashin kashi 8 ne bisa ɗari a shekara. Dala 50,000 cikin wata 84, kowane wata zai biya kimanin 779. In ya gama ya biya 65,460, watau ruwa kaɗai ya ci kusan 15,500. Da cikin wata 48 ne, sai ya biya 1,221 a wata, ruwa ya tsaya kimanin 8,600. Ga inda tarkon yake: bayan shekara biyu bisa tsarin wata 84, ya riga ya biya kimanin 18,700, amma uwar bashin ta ragu da 11,600 kaɗai, saura 38,400 na nan a wuyansa. Garanti kuwa da Ford da General Motors da Toyota suka saba bayarwa shi ne shekara 3 ko mil 36,000 ga dukan mota, shekara 5 ko mil 60,000 ga inji da giya. Mai tafiyar mil 15,000 a shekara zai cinye mil 60,000 cikin shekara huɗu. Saura shekara uku yana biyan bashi, in inji ya buga kuma gyaran nasa ne. Dillali ya faɗa masa kuɗin wata, bai faɗa masa wannan ba.

Maganar mai kuwa da sauƙin lissafi. Galan na Amurka lita 3.8 ne, ɗan kasawa kaɗan, mil kuwa kilomita 1.6. Kowace sabuwar mota can doka ta tilasta a manna mata takarda a gilashi mai nuna mil nawa take yi a galan. A ce fetur dala 3 ne galan. Motar da ke yin mil 15 a galan za ta sha galan 1,000 a shekara, dala 3,000 ke nan. Mai yin mil 20 za ta sha galan 750, dala 2,250. Bambanci 750 a shekara, 3,750 cikin shekara biyar. To ka ga amanar tsohuwar Tundra ba kyauta ba ce, a gidan mai ake biyanta. Dizal fa? A ce tana yin mil 25, galan 600 ke nan, in dizal dala 3.75 ne galan, ya zama 2,250, daidai da mai fetur ɗin nan, ga kuma wani ruwan tsabtace hayaƙi da ake saya mata dabam, ga tsadar gyara. Dizal ba ta biyan kanta sai ga mai doguwar tafiya kullum.

Saboda haka ga abin da na rubuta wa ƙanena. Na ce, ƙanena, ka mai da wa dillali takardarsa da godiya. Dala 779 a wata, in an haɗa da mai da inshora, ya wuce abin da kake aiko mana, ran da aiki ya yi ƙasa kuwa mai bashi ba ya jin uzuri, zuwa zai yi ya ɗauke motar, 20,000 ɗinka ta bi ruwa. Ka nemi ta hannu, mai kujerar yadi, wadda kuɗinka zai kai ko da ta shekara takwas ko tara ce. Ka ware dala 3,000 ka ajiye ba ka taɓawa, ita ce garantinka. In ka sami Tundra ta tsohon zubi mai tsabtar shasi da kuɗin da ya dace, ka ɗauka, ka haƙura da shan manta. In ta yi maka tsada, ka nemi F-150 mai silinda takwas na lita 5.0, wanda ba shi da turbo, ko Silverado mai 5.3 wadda mai ita ya riƙe takardun juyen baƙin mai. Tsakanin mota mai babban suna wadda ba takarda, da mai ƙaramin suna wadda aka rubuta duk abin da aka yi mata, ka ɗauki mai takarda. Littafin ofishinmu ya nuna mini motoci biyu iri ɗaya da aka saya rana ɗaya, guda ta mutu guda tana aiki, bambancinsu direba da baƙin mai.

Na kuma ba shi sharuɗɗa huɗu kafin ya miƙa ko sisi. Na ɗaya, kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17. Ya sa ta a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗarin hanya ta ƙasar, NHTSA, kyauta ne, zai ga ko akwai kiran gyaran da ba a yi mata ba, gyaran kira kuwa kamfani ke yi ba a biya. Na biyu, ya sayi tarihin motar daga masu tattara shi, irin su Carfax, ya ga ko ta taɓa haɗari ko nutsewa. Garin da yake zaune shi ne guguwar Harvey ta cika da ruwa a 2017, motoci dubbai suka nutse, motar da ta sha ruwa kuwa wayoyinta ba su ƙara lafiya. Na uku, ya kai ta wurin makanikin da ba abokin mai sayarwa ba, a ɗaga ta sama a duba ƙarƙashi, a kuma ta da injin da sanyin safe a saurara. Motar da ta zauna a jihohin arewa irin su Mishigan, inda ake watsa gishiri a hanya domin narkar da ƙanƙara, tsatsa takan cinye ta daga ƙasa alhali samanta na ƙyalli, kyan ɗan maciji ke nan. Na huɗu, ya buɗe ƙofar direba ya karanta 'yar takardar da ke manne a jikin madogara, ita ke faɗin iyakar nauyin da wannan motar za ta ɗauka, har da shi kansa da yaransa na aiki. Abin da aka buga a talla na wata ce dabam wadda aka zaɓa.

Sauran magana ga 'yan'uwa na gida masu sha'awar a sayo musu irin motocin nan ta jirgin ruwa. Ku sani da yawa daga cikin motocin da ake lodowa daga can, a kasuwar gwanjon motocin da inshora ta yanke wa hukunci ake sayensu, waɗansu haɗari, waɗansu ruwa. Ku nemi lambar shasi tun kafin a loda, ku duba yadda na faɗa, kada ku yi cinikin biri a sama. Ku kuma tambayi kanku, in giyar nan mai hawa goma ta ƙi aiki a garinku, wa zai buɗe ta, ina kuma za a sami abin da za a sa? Motar da kayan gyaranta sai an aiko daga bayan teku, ko ta fi kowace ƙarfi, wata uku a gareji yana jiranta. Daidai ruwa daidai tsaki.

Jiya na sami amsar ƙanena. Ya ce dillalin ya kira shi sau uku, har ya rage masa dala dubu, shi dai bai koma ba. Ya ga wata ta hannu, fara, mai ƙofa biyu, bodinta da 'yan ƙuje-ƙuje, mai ita wani tsohon mai aikin famfo ne da ya ajiye sana'a, ya fito masa da takardun gyara cike da ambulan. Ran Asabar za su kai ta wurin makaniki. Ya ce abin da ke damunsa ɗaya ne, abokansa za su yi masa dariya. Na ce masa su yi, ba su za su yi cefanen tsohuwa ba. Abin da makanikin ya gani, zan sanar da masu karatu bayan mun gama zancen adashi.

Wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga cikin motocin nan, can ko nan, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita abin da ta ci masa a shekara, da lambobi, domin mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, ya tsare mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawu.